Maruƙan Bappa Hammadu

Shekara tara ke nan da rasuwar Bappa Hammadu, ƙanen mahaifina, kuma har yau ba na iya wuce maraƙi ban dubi cinyarsa ba.

Lokacin da rikici ya koro mutane daga arewacin jiharmu, Bappa ya iso gidana a Sangere da ƙafa, yana kore da maruƙa biyu da iyayensu suka salwanta a hanya. Su ne dukiyarsa gaba ɗaya. Burinsa su girma su zama shanun huɗa, ya koma da su gonarsa. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a gidan 'yarsa Dija a Dubeli, sai ya bar min kiwon. Ya ce, "Ɗana, ka ba su dusa yanzu. Abin da maraƙi ya rasa yana ƙarami, ba ya ramawa."

Na ce to. Amma ni ma'aikacin ofis ne, iyakar ilimina a kiwo shi ne ragon layya: a ɗura masa abinci wata biyu kafin Sallah, ya cika ido. Dusa da harawar da na samu sai na riƙa tura wa ragunana. Maruƙa kuwa na bar su da busasshen kara har rani biyu, wai idan tafiya ta matso zan yi musu kiwon gaske. Ashe gora nake shirin fafewa ranar tafiya.

Da hanya ta buɗe, na shiga zuba musu abinci. Ciki ya fito, gashi ya yi sheƙi, amma cinya ba tsoka, ƙirji a tsuke. Wani likitan dabbobi ya gaya min daga baya cewa tsoka a lokacin girma take ginuwa, idan doguwar yunwa ta cinye lokacin, abincin baya galibi kitse yake ƙarawa.

Ranar da Bappa ya ɗan samu sauƙi ya zo ya ɗora musu karkiya a bayan gidana, ba su kai ƙarshen kunya ɗaya ba na hagu ya durƙusa. Bappa ya shafa bayansa, ya dubi ragunana uku suna tuƙa a inuwa, ya ce, "Wahalar hanya ce." Ya san ba ita ba ce. Bai koma gona ba a wannan daminar, kafin ta gaba kuma ya rasu.

Yau an koma noma a garinsu. Da zai ga yadda ake turke raguna a kowane lungu na Jimeta, na san ba manyan zai yaba ba, zai tambayi me ƙananan suka ci. Tambayar ita ce gadona daga gare shi, tare da kunyar da ya ɗauke min ban cancanta ba.

Har yau Adda Dija, yayar tawa 'yar Bappa, tana yi min godiyar riƙe wa babanta maruƙa, ban taɓa samun bakin gaya mata gaskiya ba. Na san tana karanta wannan jarida.