Sawun da Aka Kife da Ƙwarya

Wata Laraba da hantsi, a shekarar da aka kai ni aji biyu, wato shekara guda kafin ni da boko mu rabu lafiya, aka fito da mu daga makarantar Dosara aka kora mu fadama kamar awaki. An haƙe wa Baba Ɗanjumma dankali kunya guda. Shi kuwa tun asuba ya ga sawun ɓarawo a cikin laka, ya kife shi da ƙwarya kada kaji su tone, ya zauna gadinsa da sanda. Haka ake yi a wancan zamani: a kife sawu, a kira Maigari, a karyo karan dawa daidai tsawonsa, sai a bi ƙafafun mutane da shi. Wanda karan ya dace da shi, shi ne ɓarawo, babu ɗaukaka ƙara.

Ni Allah Ya yi mini ƙafa tun kafin Ya yi mini jiki. Ana ɗora karan a tafina ya zauna cif, daga diddige zuwa babban yatsa. Bulala ba ta dame ni ba, mun saba da ita wajen kiwo da ɗebo ruwa. Abin tsoron sunan ne, don a garinmu wanda aka kira ɓarawon dankali da shi zai tsufa, har jikokinsa su gada. Babana bai yi musu ba. Ya dai roƙi Maigari a bar ni in taka laka kusa da sawun, a dubi biyun tare. Na taka. Tsawo ɗaya ne, amma nawa siriri kamar ganyen rake, wancan kuwa faffaɗa, babban yatsansa ya ware gefe kamar ya yi fushi da 'yan'uwansa. Sai kowa ya sunkuyar da kai yana duban ƙafar maƙwabcinsa. Idanu suka yi ta yawo har suka tsaya wuri guda.

Maigari ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗanjumma, taka muna nan mu gani." Dattijon ya taka, sawu ya haɗiye ƙafarsa ba saura. Ashe sawun kansa ya kife, ya hana kansa kalaci yana gadinsa. Ya dubi sawun ya ce, "To wa ya kawo ƙahwata nan?" Ba wanda ya iya dariya sai da muka kai gida. Ɓarawon gaske kuwa har yau saninsa yana wurin Allah.

Kwanan baya jikana da ke karatun injiniya ya nuna mini yadda kwamfuta ke wannan aiki. Wai takan ɗora siffa kan siffa, ta juya ta, ta daidaita girmansu, sannan ta auna tazarar gefe da gefe, ba tsawo kaɗai ba. Na riƙe baki, na ce a kawo ta Dosara ta yi shari'a. Ya ce a yanzu ba za ta kama kowa ba, tunda duk gari silifa iri ɗaya ake saya a kasuwar Talata Mafara. Na duba ƙasa, na ga ko ƙafar jikan nawa ban san kamanninta ba. Mu a da tun daga yatsun ƙafa muka san juna.