Labo da Tiyon Birkin Hamani

Labo makanike bai taɓa yarda da kowa ba, haka Allah Ya yi shi. Ni Ajuma na sani, don rumfar suyar kifina tana jingine da garajinsa a hanyar gada, nan Gaya, tun lokacin da Faransawa suka kwashe nasu suka tafi. In ka ba shi goro, sai ya ɓare ya leƙa ciki. In an kawo mota, ba ya sauraron mai ita. Ƙarƙashi yake shiga, ya lanƙwasa tiyon birki, ɗan bututun roban nan mai kai mai ga ƙafar mota, ya sa a taka yana kallon ko zai kumbura.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga zarginsa: Alassan, mai kawo masa kayan mota daga Malanbil, ƙetaren kogi. Tare suka tashi, kwano ɗaya suke ci. Ko sunan juna ba su kira, sai "ɗan'uwa".

Sai ga Hamani, tsohon mai fataucin jakai, ya sayi ƴar ƙaramar mota yana kai mutane Dosso. Labo ya sa masa sababbin tiyo na wajen Alassan. Kafin damina ta fita, birki ya ƙi ci a gangara, da ƙyar motar ta tsaya cikin gonar dawa. Labo ya ciro tiyon, sai ga shi ya kumbura, ya yi laushi kamar dafaffen hanji.

Kai, ranar na ga tashin hankali! Ya juya shi, ya shinshina, ya harari kowa har da ni. Na ce, "Malam Labo, ka bi a hankali." Ina! Ranar kasuwa ya jefa tiyon gaban Alassan, mutane na kallo, ya ce, "Tsohon kaya ka wanke ka kawo mini. Rayukan mutane za ka ɗora a wuyana?" Alassan ya ɗaure kayansa ya haye gada.

Ran Juma'a sai na hango Hamani kwance ƙarƙashin motarsa da ƙoƙo a hannu. Na kira Labo. Ashe bawan Allah man kaɗe yake kwaɓawa da baƙin man inji, yana shafe sababbin tiyon da aka sake sa masa.

"Me kake yi haka?" in ji Labo.

"Don kar su tsage, Malam," in ji Hamani. "Haka nake wa igiyoyin fata na jakaina duk Juma'a."

Labo ya zauna daɓas a ƙasa. Man inji ne ke cinye roba, shi ya fi kowa sani. Wallahi haushinsa nake ji, amma ya ba ni tausayi.

Washegari ya haye Malanbil neman gafara. Alassan ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya ce ba komai. Ya kuma ci gaba da kawo kaya har tsufa ya zaunar da su. Sai dai duk zuwa, yakan kira ni shaida, ya jera tiyo a kan buhu, ya ja da baya, ya ce, "Duba da kyau, Malam Labo."

Ban sake jin ya ce masa ɗan'uwa ba.