Gwaggo Grizel da Tuffar Sufaye

Gidan Gwaggo Grizel Kinnaird yana jingine da abin da ya rage na gidan sufayen Kirista, wato bango ɗaya mai doguwar taga da wata rijiya da aka rufe. Yayar mahaifina ce. Ta shiga masaƙar ulu tun tana budurwa, ba ta fito ba sai da aka rufe masaƙar. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta haihu ba. Abin da take taƙama da shi a duniya bishiyar tuffa ce da ke bayan gidanta.

Kowa a garinmu ya san labarin. Sufayen masu riga ruwan toka ne, ba sa mallakar komai, ko takalmi ba sa sawa. Wani sarki ne ya gina musu gidan, kuma idan azumin da ke gaban Ista ya zo yakan bar fada ya zauna cikinsu, ya ci burodin sha'ir kamar kowa. An ce shi ya kawo musu irin tuffar, kakanmu na can baya kuma shi ne mai kula da lambunsu. Da aka yi juyin addini aka kori sufayen, mutanen tsallaken kogi suka zo da keken doki suka kwashe duwatsun ginin. Daga ranar 'yan Kinnaird suka rantse cewa ko tsinken reshe ɗaya na wannan tuffa ba zai haye gada ba. Na karanta tarihi a jami'a, na san rabin labarin ba shi da shaida, amma ban taɓa faɗa wa Gwaggo ba.

Idan ka shuka ƙwallon tuffa, ba irin uwarta za ka samu ba. Sai an yi mata aure, a yanko reshe a ɗaura kan ƙaramin dashe. Haka ake sabunta ta a gidanmu duk zamani. Gwaggo ta yi ta ɗaga nata aikin har ciwon gaɓɓai ya naɗe mata yatsu. Sai guguwar watan Janairu ta tsaga bishiyar biyu, muka ga cikinta ya ruɓe har saiwa. Rassan na da sauran rai, amma da zarar sun fara toho an makara. Kuma babu wata irinta a ko'ina.

Mutum ɗaya ne yake da dashe da hannun yin aikin: Dod Rennie, mai gonar itatuwa a tsallake, wanda suka yi firamare tare da Gwaggo. Ran Lahadi bayan coci ya leƙo ta saman shinge.

"Grizel, na ji tsohuwarki ta faɗi."

"Gaisuwa ka zo ko ɗaukar dutse? Akwai sauran bango ɗaya."

"Bayana ba zai iya ba. Kakannina ma sun kwashe masu kyan."

Ya shigo, ya tona gindin bishiyar da sandarsa, ya murza ƙasar a hannu.

"Cutar ta zauna a ƙasar nan," in ji shi. "Duk abin da na dasa miki a nan zai bi uwarsa kafin ya yi 'ya'ya. Sai dai a wajena."

"To sai dai ta mutu a gidansu."

"Allah ya ji ƙanta. Akwai shayi?"

Ta ba shi shayi da burodi, ya sha ya tafi.

Kullum da safe nakan biya kafin in wuce aiki, in same ta tsaye a kan rassan tana duba idanun toho. Sanyi ya fara sassauci, idanun suka fara kumbura. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma wata rana na daure.

"Gwaggo, ki bari ni in kai. Sai laifin ya zama nawa."

"Ke ma Kinnaird ce, 'yar nan. In za a karya rantsuwa, babba ke karyawa, kuma da rana tsaka."

Ta nuna min rassan da zan yanka, siraran da suka fito bara. Ta naɗe su a jiƙaƙƙiyar safar ulu, ta sa rigar sanyinta ta zuwa coci. Ranar kasuwa ce. Na ce mu hau mota, ta ce a ƙafa za ta je, kada gobe wani ya ce a ɓoye aka fitar. Muka haye gada tana riƙe da ƙunshin a gaban ƙirjinta, tana amsa gaisuwar duk wanda ya tsaya kallo.

Dod ya fito daga rumfarsa ya dube ta, ya dubi safar.

"Yau wace rana?"

"Rufe baki ka wasa wuƙa."

Ta zauna a kan kifaffen bokiti tana kallon hannunsa, tana cewa yankan ya karkace, ɗaurin ya yi sako-sako. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa har ya gama.

A watan Mayu muka koma. Wasu dashen sun bushe, amma yawancinsu sun kama, kowanne da ganye sabo fil. Gwaggo ta bi layin a hankali har ƙarshe, ta sunkuya ta shafa ɗaya da bayan yatsa.

"Ganyen sun fi na gida ƙanƙanta," in ji ta.

"Ki dawo mako mai zuwa ki sake dubawa," in ji Dod.

Ta dawo, kuma tun daga lokacin duk Asabar tana can.