Sawu a Kan Daɓe

Ƙarfe goma da kwata na safiyar ranar suna wata baƙuwa ta ture buta a ɗakin mai jego. Ruwa ya malala a kan sabon daɓe, sai daɓen ya fara yin ja.

Ni na yi daɓen. Ina shekarar ƙarshe a karatun injiniyan gine-gine, aikina na kammalawa kuwa siminti ne mai nuna guba. Nakan gauraya shi da wani sinadari da ke rikiɗewa ja idan ƙurar dalma ta haɗu da danshi a kansa. Da na zo hutu Bagega na tarar matar yayana ta haihu, ana shirin gyara ƙasan ɗakinta kafin suna kamar yadda aka saba. Na roƙi Inna ta bar ni in shafe shi da ragowar haɗina. So nake in ga ko zai jure shara da taku. Ban zaci zai nuna komai ba, domin tun shekarar da dalma ta kashe ƙanwata da yaran unguwa aka hana daka dutsen zinariya a cikin gida, don a ƙurarsa dalmar take.

Jan bai bazu ko'ina ba. Sawun ƙafa ne, manya, daga bakin ƙofa har gindin gadon da jaririya take kwance.

Wata gwaggonmu ta dube ni. "Ke 'yar boko, mi na wannan?"

Ban iya ƙarya ba, ban kuma iya ɗaga murya ba. Na ce, "Dalma ce, Gwaggo."

Duk da haka kowa ya ji. Mata suka fara saɓa 'ya'yansu suna fita, wata har da kakkaɓe wa ɗanta tafin ƙafa. Masa ta huce a kwanuka, ba wadda ta taɓa. Mai jego ta juya fuska bango.

Yayana ya shigo daga wurin maza, ya tsaya yana kallon sawunsa. Ya yi 'yar dariya.

"Sannu, Injiniya. Mun kai ki karatu, ashe ƙasa kika je koya wa tsegumi."

Na ce, "Yaya, a fitar da yarinyar daga ɗakin nan."

"Ki haifi taki, ki fitar."

Ya ɗauko fartanya ya miƙa mini a gaban sauran baƙin, ya ce tunda hannuna ya iya shafawa, ya iya kankarewa. Na durƙusa na kankare. Simintin ya kama sosai, abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan. Ina sara, jar ƙura na tashi, jaririya na gefe. Na yayyafa ruwa don ƙurar ta kwanta, jan ya ƙara fitowa.

Da la'asar na sami Inna a bayan rumbu tana wanke turmi. Ruwan wankin toka-toka ne, ba kalar gero ba. Na matsa kusa da ita.

"Inna, kin san yana daka dutse a gidan nan?"

Ba ta ɗago ba.

"Ni na ba shi turmin. Gona ba ta zuwuwa, 'yan bindiga na can, kin sani. Kowane gida a layin ga ana yi, ɗiyata. Su dai ƙasan ɗakinsu ba ta magana."