Adda Dije da shanun jami'a

Ku da kuka san yayata Adda Dije, kun san ba ta amsa gaisuwar namiji sai ta ji labarin uwarsa. Ka durƙusa ka ce, "Ina kwana, Goggo?" sai ta ce, "Tsohuwarka ta karya?" In ka yi in-ina, shi ke nan, ka yi asarar durƙuso. Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, na raka ta sakatariya kan maganar burtalin da manoma suka cinye mana a Aujara. Ta yi wa babban ma'aikacin tambayarta. Ya ce, "Tana ƙauye, Hajiya, ban sani ba."

Ta juyo ta dube ni. "Auta, tashi mu tafi. Wanda bai san ko uwarsa ta ci ba, ina zai san inda saniya za ta bi?"

Haka muka dawo, ba burtali, ga kuɗin mota ya tafi!

A wata damina wata ɗaliba mai suna Binta ta zo rugarmu daga jami'a a Kano, da 'yar rikoda a jaka. Ta ce karatunta nazarin rayuwar mata ne, tana son jin yadda masu tallan nono suke fama. Adda ta cika mata kaset ta ƙara. Da yarinyar ta tafi ta ce mini, "Tun ina budurwa nake ɗaukar ƙwarya, kowa nawa-nawa yake tambayata. Yau aka tambaye ni wuyana."

Sai Binta ta daina zuwa. Adda ta sa aka bincika, aka ce mahaifinta ya rasu, karatu ya tsaya. Nan take ta ce ta ɗaura mata haɓɓanaye. Ga wanda bai sani ba, al'adarmu ce: ka ba ɗan'uwanka aron saniya, nono da maruƙa nasa ne har ta haihu sau uku, sannan uwar ta dawo gida. Kafin nan ko mai ita ba ya taɓa ta.

Na ce, "Haba Adda, makiyayi ake ɗaura wa. Wannan a ɗakin kwanan ɗalibai za ta turke ta?"

"Ni zan yi mata kiwo, ita ta yi mini karatu. Kai da ka ƙare a firamare, wa ya tambaye ka?"

Da kuɗin nono da maruƙan Binta ta gama, ta turo wata, wata ta turo wata. Sharaɗin Adda guda ne: sai mai nazarin rayuwar mata. Ɗana Sale, da ya samu gurbin karatun injiniya, ya je da murnarsa ya durƙusa. Ta fara tabbatarwa uwarsa ta karya, sannan ta ce, "Me za ka karanta?"

"Gina gada, Goggo."

"Madalla. Gada ta gwamnati ce, gwamnati ta ɗaura maka."

Ya dawo da ƙwaryar fura kawai. Kai, na ji haushi!

Ita kuwa ɗakinta yana yoyo, ta jera kwanoni a ƙasa. In ka ce ta sayar da maraƙi ta gyara, sai ta ce, "Wannan ɗan aji biyu ne, ba nawa ba."

Da aka shigo shekarun shari'a, surutu ya yi yawa. Ana cewa karatun nan koya wa mata raina maza yake, kuma yayata ce ke ciyar da shi. Ni da nake zaune a Limawa cikin Dutse, a bakin masallaci ake yi mini habaici. Sai na ɗauko wani malamin unguwarmu har Aujara, don ya ja mata kunne. Adda ta shimfiɗa masa tabarma, ta kunna masa kaset ɗin da wata ɗaliba ta bar mata, na wata tsohuwa da ke ba da labarin naƙudar da ta yi a kan hanyar Ringim. Malam ya saurara har kaset ya ƙare. A mota na ce, "Allah gafarta Malam, ban ji ka yi faɗan ba."

Ya ce, "Alhaji, a ina ake sa suna? Ina da 'ya da ta gama sakandare."

To, iyakar dariyar ke nan. Ciwo ya shiga garken, shi ma jikin Adda ya soma ƙi. Saniyar ƙarshe da ta rage a ɗaure ta Rakiya ce, wata marainiya daga Ringim, saura mata shekara guda ta gama, saniyar kuma saura haihuwa ɗaya. Na roƙi Adda a sayar a kai ta asibiti Kano. Ta ce, "Ka taɓa ganin an kwance haɓɓanaye don mai ita tana tari?" Ta kama hannuna ta ƙara da cewa, "Ko na tafi, Auta, sai ta haihu."

Ta tafi kafin kaka. Ranar rabon gado 'ya'yanta suka kora saniyar cikin sauran. Mai rabon ya tambaya ko akwai dabbar da ke da magana a kanta. Ina zaune a wurin. Na tuna habaicin bakin masallaci, na sunkuyar da kai. Ran kasuwa aka sayar da ita da cikinta.

Rakiya ba ta koma Kano ba. Tana nan a Ringim tana sayar da atamfa. Duk sanda na ratsa ta gaban rumfarta sai ta taso da gudu ta durƙusa, "Baffa, sannu da zuwa," ta kawo mini ruwa mai sanyi. Ba ta taɓa yi mini maganar saniyar ba. Da ma zagina take yi, da na fi samun sauƙin haɗiyar ruwan nan.

Allah ya jiƙan Adda Dije, ya sanyaya makwancinta, ya sa karatun yaran nan ya zame mata haske. Ya buɗa wa Rakiya ta inda ba ta zata ba. Ni kuma, ku taya ni roƙo, Allah ya sa in mun haɗu ta yarda ta dube ni. Amin.