Matar da na yi wa dariya don tana tuƙa jirgi da baya

Wata rana da hantsi, makonni uku da suka wuce, na fita motsa jiki a bakin tafkin Jabi. Motsa jikin ma dai na dole ne, likita ne ya tsorata ni a kan tumbina.

Sai na hango wata baiwar Allah a kan ruwa.

Jirginta dogo ne, siriri kamar rake, da ƙyar ya ɗauki zaman mutum ɗaya. Filafilan tuƙi biyu ne a hannunta, dama da hagu. Abin da ya tsayar da ni shi ne ta juya wa gaban jirgin baya. Inda jirgi ya nufa daban, inda take kallo daban.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a shafin nan sun san ni ɗan Yawuri ne. Mahaifina ya shekara arba'in yana fiton mutane a kogin Kwara. A wurinmu mai tuƙi gabansa yake kallo, saboda dutse, saboda dorina, saboda rayukan da ya ɗauko.

To ni da rabona da riƙe filafili shekara ashirin, nan take na zama farfesan ruwa.

Na zaro waya na ɗauke ta, ina dariya har hoton na rawa. Ko gida ban kai ba na ɗora a Fesbuk, na rubuta: "Jama'a ku zo ku ga 'yan birni! An ba ta jirgi, ba ta san gabansa da bayansa ba. Wa zai gaya mata?"

Cikin kwana uku mutum dubu arba'in suka yaɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ina cin abinci ina leƙa waya.

A cikin masu sharhi wani ya gane ta. Ya rubuta sunanta, da sunan mahaifinta, da garinsu a bakin Binuwai. Na gani da idona. Ban goge ba, don na lura sharhin yana ƙara wa bidiyon tafiya.

Bayan kwana goma na koma tafkin. Kada ku zata neman gafara ya kai ni. Kashi na biyu na je ɗauka.

Ban same ta a kan ruwa ba. Tana gaɓa, ta kifa jirgin a kan wasu ƙarafa biyu, tana goge shi da tsumma a hankali. Na yi sallama, ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, kai ne mai bidiyon."

Na ce, "Malama, ya aka yi kika gane ni? Ai kina can nesa."

Ta ce, "Mu da muke tuƙi da baya, gaɓa muke kallo. Tun da ka ɗaga waya nake ganinka. Na ɗauka yaba mini kake yi, har na gaishe ka da ka."

Na buɗe bidiyon a gabanta. A daƙiƙa ta sha ɗaya, ga ta nan, ta ɗan sunkuyar da kai wajena tana murmushi. A daidai wurin ne kuma dariyata ta fi ƙarfi.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na rasa inda zan sa idona, na rasa inda zan sa wayar.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Bayani ta yi mini kamar mai koyar da ɗan aji ɗaya.

Ashe wannan jirgin gasa ne, kuma haka ake tuƙa shi a duk duniya. Kujerarsa tana zamewa gaba da baya, da ƙafa ake turawa, da baya da hannu ake ja. Mai tuƙi yakan zaɓi abu ɗaya a inda ya baro, itace ko gini, ya kafa masa ido, da shi yake miƙe hanya.

Shekararta bakwai tana wannan. Ta yi gasa a Masar, ta yi a Tunisiya, ta yi a Italiya, sanye da rigar Nijeriya. Tana da lambar tagulla biyu da ta azurfa ɗaya. Ta buɗe mini tafin hannunta, duk ya yi kanta, ya fi na mahaifina tauri.

Na ce to me ya hana ta shiga ruwa yau?

Ta ce shiga don me. Fasfonta yana hannun babanta.

Shi ma tsohon matuƙin jirgi ne. Shi ya koya mata ruwa tana ƙarama, shi ya tare mata surutun dangi lokacin da ta fara fita waje, lambobinta a ɗakinsa suke rataye. Amma bai taɓa ganin yadda take tuƙin ba sai a bidiyona, da rubutuna a kai. Tun daga ranar, duk sanda ya iso majalisarsu sai wani ya kunna, a ce ga 'yar matuƙi ba ta san gaban jirgi ba.

Ya kira ta gida. Ta yi bayani har ta gaji. Ya ce ya ji, amma abin ya ishe shi haka, ya karɓe fasfon.

Gasar Afirka na tafe, kuma ita ce wadda ta shekara biyu tana yi wa shiri.

A take na goge bidiyon, sai dai ya riga ya sauka a wayoyin mutane. Na rubuta ban haƙuri a shafina. Mutum sittin da uku suka yaɗa. Na ƙirga, sittin da uku.

Ranar Asabar na hau mota na tafi garinsu.

Na tarar da dattijon a ƙofar gida yana ɗinkin komar kamun kifi. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na ɗauki hoton nan. Jahilci ne ya sa ni. Ka yafe mini, ka ba ta fasfonta."

Ya daɗe yana kallona. Ya tambayi garinmu, na ce Yawuri. Ya tambayi sana'ar mahaifina, na faɗa masa da ƙaramar murya.

Ya ce, "Ɗan matuƙi, ka ga mutum a kan ruwa, maimakon ka yi masa addu'a sai ka yi masa dariya?"



Sannan ya ce, "Ɗana, na yafe maka. Amma dariyar nan ba kai ka kawo ta majalisarmu da ƙafarka ba, a wayar mutane ta zo. To gaskiyar ma ta zo a wayar mutane. Ranar da wani ya karanta mana ita ba tare da ka aiko shi ba, ranar zan miƙa mata fasfonta."

Ya koma kan ɗinkinsa.

Darasi: Abin da ka sani a kan kogin garinku ba shi ne ƙarshen sanin ruwa ba. Idan ka ga mutum yana abu ba yadda ka saba ba, ka tambaye shi kafin ka ɗaga waya. Tambayar minti ɗaya ce ta gagare ni, na ɓata mata aikin shekara bakwai, na kuma kunyata dattijon da bai yi mini komai ba.

Na saba ce muku ku yaɗa don wasu su amfana. Yau roƙo nake yi. Saura kwana tara a rufe karɓar sunayen masu zuwa gasar.

Idan kana cikin dubu arba'in ɗin nan, ka san gidajen Watsaf da ka tura dariyar. Don Allah ka tura wannan can, musamman idan kana da ɗan'uwa a garuruwan bakin Binuwai.

Jiya da safe na bi ta tafkin. Ta koma ruwa tana atisaye, ba fasfo a hannunta. Ta gan ni a gaɓa, amma wannan karon ba ta gaishe ni ba.