Zanen da Na Yi wa Hassatu

Ranar Laraba ce, mako guda da gama yankan gero, a shekarar da aka rufe makarantarmu ta gefen Kurawa saboda 'yan bindiga. Ina da shekara goma sha ɗaya. Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba da ta yi karatun malanta, ta jingina tsohon ƙyaure a jikin rumbu ta rubuta da gawayi: "Unguwarmu da sana'o'inta." Mu bakwai ne a kan tabarma, shida 'yan gida, ta bakwai Hassatu, ɗiyar Fulanin da ke sauka gonarmu duk rani, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Sai ta gama tallan nono take zuwa, ta kife ƙwarya gefen turmi ta zauna kusa da ni.

Cikin darussan da Gwaggo ke yi mana a gida, na zamantakewa ta fi so. Takan ɗebo gishiri a tafi ta ce mu lissafo hannuwan da ya ratsa daga kasuwar Bafarawa kafin ya faɗa miya. A ranar ta ce kowa ya zano unguwa, gida gida, da aikin mai gidan. Ni ba ni da baki, amma idona ba ya barin komai. Hassatu kuwa fensir take riƙewa kamar sandar kiwo, don haka na karɓi littafinta muka ɓuya bayan rumbu. Na zana maƙera, na zana gidan mai shanun huɗa, da mai injin niƙa da babur ɗinsa, har da ɓarakar dangar da muke kutsawa in mun je tsinkar magarya. Na ƙawata nata sosai har ban samu fara nawa ba.

Bayan kwana biyu 'yan sa-kai suka tare Hassatu a bakin gari suka buɗe littafin. Da hantsi suka kawo ta zaurenmu. Ina leƙe ta ramin zana, na ga ɗan kunnenta ɗaya ya faɗi, nono ya bushe a ƙafafunta. Babbansu ya ce, "Ke ɗiyag ga, wa ya aike ki zana gidajen masu shanu?" Gwaggo ta fito ta ce aikin makaranta ne, ita ta sa su, ta miƙa littattafan sauran yaran. Ya dudduba, duk jagwalgwalo ne. Ya ce, "To Malama, don mi nata kaɗai ya nuna ɓarakar dangar da ake kutsawa?" Hassatu ta juyo ta kalli zanar nan, daidai inda ta san nakan laɓe, ta sunkuyar da kai. Ina ta cewa a raina za ni fita, za ni fita. Ban fita ba.

Baba ya yi rantsuwa cewa ita da iyayenta mutanen kirki ne, aka sake ta, bisa sharaɗin kada ta ƙara shiga gari. Kafin Juma'a ta zagayo rugarsu ta tashi, an ce sun bi ta Burkusuma sun ƙetara Nijar. Da na faɗa wa Gwaggo gaskiya ina kuka, sai ta ce, "Laifin nawa ne, ɗiyata. Darasin lokacin zaman lafiya na ba ku." Daga nan lissafi da karatu kawai ta ci gaba da koya mana.

Yanzu muna zaune a garin Isa, ni nake koya wa ƙannena a tsakar gidan haya. Da can babu gidan da bai da Bafillacen da yake kira da suna. Su ƙannena ba su san ko ɗaya ba, kuma in sun tambaye ni yadda ake zama da maƙwabci, Hassatu nake tunawa. Ni ya kamata in cece ta, sai ita ce ta rufa mini asiri.